Kwamfutar Mahaifinka Za Ta Yamai

220 Logements, Adjamé, Abijan

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a mota ka buɗe ta ko sai ka sauka gidan kawunka Isufu a Yamai. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba direbanku natsuwa, Ya raba ku da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sauke ku cikin aminci.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san da Faransanci ne da ka shanye ta kamar ruwa, ka ninke ka cusa a aljihu. Hausa kuwa sai ka bi ta a hankali kana motsa leɓe, kuma haka nake so. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi. Tun da na ga ka naɗe kwamfutar mahaifinka a bargo ka sa a kwali, abubuwan bara suke ta dawo mini. Yanzu da komai ya wuce lafiya, zuciyata ta yi sanyin da zan iya faɗa maka inda na yi kuskure. Ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Ka san yadda kwamfutar nan ta shigo gidanmu. Alhaji, Allah Ya ji ƙansa, ya saye ta ne don takardun fitar da kayan 'yan kasuwa daga tashar jirgin ruwa. Aikinta ke nan, rubutu da bugawa. Da ya rasu ta zauna a kusurwar falo ba mai taɓa ta, sai ni da nake goge ta da safe. Ko da ka shiga makarantar zanen gine-gine ban taɓa kawowa a raina za ta yi maka wani amfani ba. Sai a shekarar ƙarshe ka zo ka ce malamai ba sa karɓar zanen takarda kaɗai, dole ginin ya tashi tsaye a cikin allon kwamfuta, a juya shi gaba da baya, a shiga cikinsa. Na tambayi kuɗin sabuwa, aka faɗa mini, na dawo gida na sha ruwa. Ka ce, "Mama, ta Baba za ta yi, a hankali za mu gyara ta."

Abin da na fara yi mata shi ne riga. Ka tuna. Na ga ta koma aiki, na ce abin Alhaji ba zai zauna tsirara ba. Na ɗauki ragowar karammiski, na sa aka ɗinka mata riga daidai jikinta har ƙasa, da leshi a baki. Na ɗora hotonsa a kai. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Sai ta fara mutuwa. Kana tsakiyar aiki ta yi huci kamar mai asma, ta ɗauke. Ni kuwa ina cewa tsufa ne. Ashe kai ka san dalili. In na fita kasuwa sai ka tuɓe mata rigar, in ka ji takuna a matakala ka yi maza ka mayar. Ranakun da ba na fita kuwa haka za ka zauna tana mutuwa kana tayarwa, ba ka ce uffan ba.

Ban sani ba sai ranar da muka kai ta wurin Bakari, Bajulan nan mai gyaran kwamfuta a Arras, can ƙetaren gada a Treichville, wanda yake duba injunan ofis tun Alhaji na da rai. A cikin rigarta na kai ta. Ya ɗaga karammiskin da yatsu biyu, ya dube ni, ya dube ka, ya ce, "Hajiya, wa ya yi mata wannan?"

Na ce ni ce, ina jiran yabo.

Ya ce, "Ke in aka rufe miki hanci da bargo aka ce ki daka gero, za ki kai azahar?"

Ya juya ta, ya nuna mini 'yan ramukan baya da fankar da ke ciki. Ta nan take numfashi. Ni na toshe.

Na ji kunya, amma haushinka ya fi yawa. Da muka fito na ce don me ba ka faɗa mini ba. Ka ce ka ga yadda nake shafa rigar in na wuce. Babana, na gode da wannan tausayi, amma kada ka sake yin irinsa. In babba ya yi abin da zai ɓata aiki, ko kawunka ne, ko maigidanka a ofis, ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, ka rusuna ka faɗa masa. Kunyar da za ta sa aiki ya lalace ba ladabi ba ce. Ni kuma abin da na koya, in kana son abu ka fara tambayar me yake bukata kafin ka ba shi abin da kai kake so. Yamai ta fi nan zafi nesa ba kusa ba. Kada ka jingina ta da bango, kada ka bar matar kawunka ta yi mata kwalliya. Na san ta, hannunmu ɗaya.

Da aka cire riga ta daina mutuwa, amma nauyi ya rage. In ka ce ta juya ginin sai ta tsaya tana tunani, har ka tashi ka yi alwala ka dawo ba ta gama ba. A lokacin ne Afuwe ta fara zuwa, 'yar ajinku, 'yar ƙabilar Baule, mazauniyar Treichville. Ita ba ta da kwamfuta ko kaɗan, kuna yin aikinku bi da bi a kan wannan. Wata rana ina tankaɗe na ji ta ce maka abin da ya rage shi ne kart girafik. Na riƙe kalmar. Na yi ta maimaita ta a zuci kamar addu'a har ranar da na ɗauki adashi.

Ban gaya maka ba. So nake in ba ka mamaki. Na yafa mayafi na tafi Roxy, wajen masu rumfunan kayan waya da na kwamfuta. Na tsaya gaban wani saurayi na ce masa kart girafik nake so, mai kyau. Gaskiya ba zan ɗora masa laifi ba, ya tambaye ni. Ya ce, "Maman, wace iri ce kwamfutar?"

Na ce, "Fara ce."

Ya yi dariya, abokinsa ya yi. Ni kuwa mai sayar da zannuwa shekara da shekaru, an yi mini dariya a kasuwa, sai zuciya ta ɗebe ni. Na nuna kwalin da ya fi kowanne girma, mai hoton wata mata da takobi, na ce shi. Na yi ciniki kamar yadda na iya, na ji daɗin ragin da na samu, na rungumo kwali na dawo gida ina jin kaina.

Fuskarka da ka buɗe kwalin ba zan manta da ita ba. Murna ta fara zuwa, ka ce wannan ai ko a makaranta babu irinsa. Sannan ka buɗe cikin kwamfutar, ka gwada, ka juya, ka sake gwadawa. Harshen katin daban, ramin da zai shiga daban. Na sababbin injuna ne, tamu kuwa tsohuwar yayi ce. Na koma Roxy washegari, saurayin ya ce kwalin da aka buɗe ba ya dawowa. Na san dokar, ni ma ba na karɓar zanen da aka yanka.

Bakari ne ya fitar da mu. Ya karɓi sabon katin, don yana da mai so, ya ba mu wani na hannu wanda ya dace da ramin tamu, ya ƙara mana da 'yan sandunan nan da kuke kira memwar. Ya ce da ma su ya kamata a fara saye, su ne masu araha kuma su ne suka fi sauƙaƙa nauyi. Da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Hajiya, in za ki yanka shadda, a kan faranti za ki shimfiɗa ta ko a kan babban tebur? To teburinta ne ƙarami. Mun faɗaɗa."

Saboda haka in ka tashi ƙara mata wani abu a can, kada ka je kasuwa da sunan kaya a baki kawai. Ka rubuta sunan injin da lambar abin da ke cikinsa, ko ka ɗauki tsohon ka tafi da shi a hannu, yadda mace take zuwa wurina da ƙyallen zanen da take neman irinsa. Ka fara da ƙaramin gyara ka ga inda ya kai ka. Na hannu da ya dace ya fi sabo da bai shiga ba. In kuma aka yi maka dariya a kasuwa, ka bari su gama, sannan ka sake tambaya. Dariyar ba ta cin kuɗi, fushin ne yake ci.

A ranar nan Bakari ya faɗi wata magana da na ƙi ji. Ya nuna wani akwatin ƙarfe a saman cikin kwamfutar, inda wayar wuta take shiga, ya ce shi ne yake raba wa kowa abinci, kuma ya tsufa. Katin da aka sa mata kuwa mai ci ne. Ya ce, "Kin ƙara tukunya a murhu, itacen kuwa na da ne." Ya ce a canza shi, a kuma sayi ondiler, wannan batir ɗin da yake riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, har mutum ya adana aikinsa ya kashe.

Ni kuwa kunnen kasuwa gare ni. Na san yadda ake yi: an sayar maka da zane, sai a ce ai sai da ɗankwali, ai sai da takalmi. Na ce a raina Bakari ya ga Hajiya da jaka. Na ce masa, "Tana kamawa ko ba ta kamawa?" Ya ce tana kamawa. Na ce to Allah Ya yi albarka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Na dai faɗa." Ka so ka yi magana a cikin woro-woro, motar hayar da muka shiga, na ce maka ni na haife ka.

Ba kowane mai ce maka ƙara ne yake son aljihunka ba. Ka duba mutumin. Wanda ya karɓi kayan da ka yi kuskuren saye ya ba ka mai amfani, ba shi ne zai cuce ka a ƙaramin abu ba. Ni na auna Bakari da mudun wasu.

Kwamfuta ta yi sauri, kai da Afuwe kuka duƙufa. A nan ne na yi babbar ɓarnar.

Ka san Hajiya Rabi ta saman bene. Ta fara da cewa yarinyar nan kullum tana nan. Sannan ta ce an ga kun rufe ƙofa. Na san dalilin rufewar, hayaniyar yara ce a matakala, amma magana in ta yi ta shiga kunne sai ta sami wurin zama. Wata ranar Asabar na dawo da wuri tare da Hajiya Rabi, muka tarar da ku kuna dariya, kawunanku kusa da juna a gaban allo. Afuwe ta tashi ta rusuna ta ce, "Bonsuwar Tanti." Ban amsa ba. Na ce mata da Faransancina na kasuwa gidan nan ba mashaya ba ne, ta nemi wani wurin. Sannan na juya ga Hajiya Rabi na ce da Hausa, irin waɗannan in sun ga yaro da ɗan abin hannu sai su liƙe masa kamar kaska.

Ta tattara takardunta. A bakin ƙofa ta sake rusunawa ta fita. Kai kuwa ka yi kwanaki ba ka ci tuwona da daɗi ba. Na ce zai wuce.

Lokacin ne aka shiga ɗauke wuta unguwa-unguwa. Ranar da abin ya faru da la'asar ne, saura 'yan makonni ku tsaya gaban malamai ku kare aikinku, abin da kuke kira sutnans. Ina kicin aka ɗauke wuta, aka dawo da ita nan take da ƙarfi, har firij ya yi ƙara. Na ji wani tas daga falo, sai warin ƙonewar roba. Na fito na same ka tsaye, hannunka a kan maɓalli kana dannawa kana sakewa. Ba ka yi ihu ba. Ka ce, "Mama, ta tafi," da wata ƙaramar murya da rabona da jin ta tun ranar jana'izar mahaifinka.

Washegari muka haye gada da ita a cinyarka. Bakari ya buɗe, ya sunsuna, ya ciro akwatin nan da ya ce a canza, baƙi ƙirin. Bai ce ai na faɗa ba, Allah Ya saka masa. Ya ce katin ya tsira, memwar ta tsira. Sannan ya ciro diski, inda duk aikinka na shekara yake, ya haɗa shi da wata kwamfutar, ya kara kunne. Muka ji yana ƙas, ƙas, ƙas. Ya girgiza kai. Ya ce, "Akwai kwafi a wani wuri?"

Ka dubi ƙasa ka ce Afuwe ce mai wannan ɗabi'ar, duk zuwan da ta yi sai ta kwashe aikinku duka biyu a 'yar kilenta, ɗan abin nan na ajiyar aiki da ake soka wa kwamfuta, ta rataya a wuya. Amma tun ranar nan ba ta ɗaga wayarka.

Babana, na sha ganin asara. Kayana sun taɓa jiƙewa a ruwan sama har rumfa ta koma kamar rini. Amma ban taɓa ganin asara kamar ta ranar ba. Shekarunka na makaranta ne a cikin abin nan mai ƙas ƙas, kuma ni na ƙi sayen abin da zai kare shi, ni kuma na kori mai kwafin.

Na ce ka zauna wurin Bakari. Ka ce za ka raka ni, na ce a'a, ba kai ka yi ba. Ka kwatanta mini gidan, ba nisa, bayan dogayen gidajen Arras. Na tafi a ƙasa. Na tarar da tsakar gida irin ta haya, mata suna tankaɗen atiyeke, tsakin rogon nan, a manyan robobi. Na yi sallama na tambayi Afuwe. Ta fito daga wani ɗaki, ta gan ni, ta tsaya. Ina ta haɗa Faransancin da zan fara da shi, sai ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Mama. Ina wuni? Ya gajiya?"

Da Hausa. Hausa mai kyau, wadda ta fi taka.

Ashe a gidan Hausawa ta tashi, maƙwabtansu mutanen Tawa ne, da 'ya'yansu ta yi wasa. Duk abin da na faɗa wa Hajiya Rabi ta ji, har kaskar. Na nemi ƙasa ta tsage.

Uwarta ce ta taso daga cikin masu tankaɗe, doguwar mace, hannunta duk gari. Da ta gane ko ni wace ce, ba ta ba ni kujera ba. Da Julanci ta yi mini magana, don shi muka haɗu a kai. Ta ce 'yarta ta dawo ranar nan ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta ce tun daga nan yarinyar take yawon shagunan intanet, kuma injunansu ba sa iya buɗe aikin, ita ma shekararta tana neman lalacewa. Ta ce, "Duk zanen da ke jikina a wurin Hausawa na saya. Ban taɓa jin an kira ni kaska ba sai a bakinki, ta kan 'yata."

Na ce na yi laifi, ba kuma don kwamfuta ta ƙone na san laifi ne ba, amma gaskiya ita ce ta kawo ni, ba zan ɓoye ba. Na ce in sun hana ni, sun yi daidai.

Uwar tana cikin magana Afuwe ta ciro igiyar daga wuyanta ta miƙo mini. Ta ce, "Mama, aikinsa ne, ba nawa ba ne da zan riƙe. Sai dai na ranar da na bar gidanku ne. Abin da ya yi bayan nan babu."

Ka ga lissafin. Da ban kore ta ba, da kwafin na shekaranjiya ne. Bakina ya ci maka aikin makonni.

Na ce ta dawo ku ƙarasa tare. Uwar ta ce ba inda za ta, sai in ita ma ta zo ta ga inda 'yarta take zama. Na ce bismillah. Ka tuna zuwanta, ta zauna a falo da kwandonta tana kallon ku kamar mai gadin jarrabawa, ni ina gefe. Ranar farko ba mu yi magana ba. Rana ta biyu ta ce miyata ta yi gishiri. Daga nan muka shirya.

Abin da nake so ka riƙe a nan ya fi maganar kwamfuta. Za ka je garin da ake ce maka ɗan gida, amma za ka ji kanka baƙo. Za su yi dariyar Hausarka, su ce maka ɗan Abijan. Za ka sami masu zuwa su gaya maka wane kaza ne, ƙabilar wane kaza ce. Kada ka ari bakin kowa ka ci albasa. Wanda kuka yi aiki tare ka ga hannunsa, shi ka sani. Kuma kada ka taɓa faɗin magana a gaban mutum don kana zaton ba ya jin harshen. Ko bai ji ba, Allah Ya ji. In ka yi wa wani laifi ka je da ƙafarka tun ba ka bukatar komai a wurinsa. Ni sai da bukata ta kai ni, kuma har yau wannan yana ci mini rai. Ban tambaye ka abin da ke tsakaninka da Afuwe ba, ba kuma zan tambaya a takarda ba. Abin da na sani, 'yar mutunci ce. Ka riƙa kiranta kuna gaisawa, ka gaida uwarta.

A wannan karon duk abin da Bakari ya ce na yi. Na fitar da shaddojin da nake ajiya na sayar, aka sa sabon akwatin wuta, aka sa diski, aka sayi ondiler na hannu aka canza masa batir. Ranar da aka fara ɗauke wuta bayan nan, abin ya yi ta ƙara ƙii ƙii, allon bai mutu ba, na ga ka adana aikinka ka kashe a natse. Na koma kicin na zauna a kan turmi na yi hamdala. Aikinka kuwa kada ya kwana a wuri ɗaya. Kwafi a jikinka, kwafi a wurin wani amintacce wanda ba rufinku ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma. Shekara guda ina zagaye kwamfutar nan, na yi mata riga, na saya mata kati, na yi faɗa a kanta, amma ban taɓa jan kujera na ce Babana me kake ginawa ba. Sai ranar sutnans na gani, tare da baƙi. Aka kashe fitilu, aka haska bango, sai ga kasuwa. Kasuwar masu zannuwa, da rufi mai tsawo don iska, da hanyar ruwan sama ta bayan rumfuna, da wurin alwala na mata. Ka shiga da mu ciki kamar muna tafiya. Wani malami mai furfura ya tsayar da kai ya ce me ya sa kowace rumfa ka gina mata wurin zama mai majingina, ai ɓarnar wuri ce. Ka ce mahaifiyarka ta yi shekaru tana zama a benci marar baya, kullum da hannu a ƙugu take hawa matakalar gida. Ban ji sauran ba, na ja mayafi na rufe fuska. Uwar Afuwe tana ta zungurina tana cewa in buɗe ido ana tafa wa ɗana. Da aka fito da sakamako ku biyun duk kun haye, ban san lokacin da na rungume matar nan a gaban mutane ba.

In Allah Ya ba ka 'ya'ya, ka ja kujera ka tambaye su.

Saura magana ɗaya. Bakari ya gaya mini a gefe cewa kwamfutar nan ta kai iyakarta, babu sauran abin da za a ƙara mata ya yi amfani. Za ta riƙe ka ka fara aiki, amma in ofis suka ba ka manyan zane za ta gaza. In ranar ta zo kada ka yi ta zuba mata kuɗi don ta Baba ce. Ka tara a hankali ka sayi wadda za ta ɗauke ka, wannan ka ba wani ɗalibi da bai da ita. Mahaifinka ba ya cikin akwatin ƙarfe. Mutum ne mai son a yi aiki da abu har ya ƙare, sannan a wuce gaba.

Bakari ya ce in tuna maka, diskin da katin da ka cire ka riƙe su a jakar hannunka, kada su shiga ƙarƙashin mota da buhuna. A kan iyaka in sun ce ka buɗe kwali ka buɗe da fara'a. Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Ka ci abin da matar kawunka ta dafa ko bai yi maka ba, atiyeken da na sa maka a jaka ka ba ta rabi. In aka yi dariyar Hausarka ka taya su, wata uku za ka ga harshenka ya warware.

Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa duk ginin da ka zana ya zama inuwa ga bayinSa. Allah Ya ji ƙan Alhaji, Ya kai masa labarin abin da ɗansa ya zama. Ka gaida kawunka da iyalinsa, ka ce ina nan tafe in an sha ruwa.

Na san halinka. Kana sauka za ka nufi kwalin nan ka ga ko ta fashe a hanya. Ka fara kira na tukuna, ita za ta iya jira.

Wassalam,
Mahaifiyarka